Daga Kano zuwa Bur Sudan, Awa Ashirin

Talata, 18 Yuni 2024, ƙarfe 10:20 na safe,
bakin asibitin Sinnar.

Zuwa ga Yaya Abdussalami,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Hannatu da yara da mutanen Kano. Ina rubutu ne a bayan takardar magani, zan ɗauki hotonta in turo maka idan shabaka, wato sabis ɗin waya, ta dawo.

Ƙodar Baba ta tsaya. Diktor ya ce mako biyu, ko uku in Allah ya so. Baba yana kiranka, ya ce ka zo.

Na yi lissafi sau uku. Tsakanin filin jirgin Kano da na Bur Sudan kimanin kilomita 3,180 ne, tafiyar awa huɗu da 'yan kai da a ce akwai jirgi kai tsaye. Babu. Sai ta Alƙahira: awa huɗu da rabi, sannan awa biyu, da zaman jira a tsakani, ka sa awa ashirin. Daga nan bas zuwa Gadarif kwana ɗaya, lori ta Dindir zuwa Sinnar kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon ruwan sama. Kwana huɗu ke nan. Za ka riske shi.

Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Sabah

Laraba, 3 Yuli 2024, ƙarfe 4:05 na yamma,
ɗakin Baba.

Yaya,

Sallama da fatan kana raye, cikin ƙoshin lafiya. Ban san yadda ake gaida wanda ba a san inda yake ba.

Baba ya rasu ranar Lahadi, ƙarfe 11:40 na safe. Na roƙi Kawu Salihu a jira ka zuwa magariba, ya ce ba a ajiye gawa a wannan zafin. Mutum tara suka kai shi, sauran sun gudu saboda yaƙi.

Jirginka ya sauka Bur Sudan ranar Alhamis, minti goma sha biyu kafin awa ashirin ɗin da na lissafa maka su cika. Asabar da asuba ka ce ka hau lori a Gadarif. A ranar mayaƙa suka shiga Sinja, garin da ke kan hanyarka, da bindigogi, sannan hanyar Dindir ta yanke. Saƙonni goma sha bakwai na tura maka, ko ɗaya bai shiga ba.

Yaya, shekara biyar na yi ina karatun ƙididdiga, kuma duk lambar da na ba ka daidai ce. Jimla ɗaya ce ƙarya. Baba bai kira ka ba. Cewa ya yi kada a taso ka, hanya ba kyau, ya riƙe hannuna har sai da na yi masa alkawari. Ni ce na ji tsoron zama ni kaɗai da Inna da gawa. Na auna sama sau uku, ƙasa kuwa zato kawai na yi.

Anti Hannatu ta kira jiya, na ce shabaka ce. Inna kullum tana ajiye maka tuwo a rufe.

Abin da ban sani ba har yanzu:

lambar lorin da sunan direbansa;
ko kun wuce gadar Dindir;
ko an sauke ka a shinge saboda hatimin Najeriya a fasfonka;
ko wayarka ce ta mutu;
ranar da zan gaya wa Inna wanda ya taso ka;
ko za ka zauna a Kano da a ce na rubuta maka gaskiya.

Ƙanwarka mai neman gafararka,
Sabah