Rumfuna Ba Masu Saye: Kukan Mahaucin Sabuwar Tunga

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da tsugunar da mutanen da ruwan dam ya tasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, da fatan aiki na tafiya daidai.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, mahauci ɗan mahauci, daga ƙasar Maradun. Garinmu na da yana ƙarƙashin ruwa yanzu. Ba kan gona ko diyya na rubuto ba, wasu sun riga ni. Kukana kan yadda anka raba mu ne.

Na ɗaya. A tsohon gari muna da yawa. Ranar kasuwa in na kayar da saniya, kafin la'asar tire ya koma wanke. Da anka tashe mu, sai anka watsa mu tunga uku, kowace nesa da 'yar'uwarta. Makon farko a sabon wuri na yanka saniya kamar yadda na saba. Ko rabi ba a saye ba. Na yi kilishi da abin da zan iya, saura ya yi wari na binne. Yau akuya nake yankawa, ita ma sai na bi gida gida na ji masu so tukuna.

Na biyu. Ba ni kaɗai ba ne. Bawa mai injin niƙa ya kwance injinsa ya kai Talata Mafara. Ranar da yake lodi na roƙe shi ya dakata, ya ce mini ba zai tada inji don ƙwarya biyar ba, ko kuɗin mai ba su fitowa. Mai kemis ya koma Bakura. Tela da mai facin keke sun bi su. Ban ga laifin kowa ba. Mai sana'a inda jama'a take yake zama. Matanmu sun koma turmi da dutsen niƙa, allura ma sai an yi sautu.

Na uku, kuma shi ya sa na nemi a rubuta mini wagga takarda. Da damina mahaifiyata ta kamu da amai da gudawa. A da, ƙetare layi kawai zan yi in samo magani. Wannan karon keke na hau zuwa Mafara. A hanyar dawowa taya ta fashe, ba mai faci ko ɗaya, na turo keken da ƙafa. Na iso na tarar ana yi mata wanka. Na san kwana ne ya ƙare. Amma maganin yana aljihuna lokacin da munka sallace ta.

Na huɗu. An gina mana rumfunan kasuwa a kowace tunga, mun gode. Ka aiko a duba, awaki ke kwana ciki. Rumfa ba ta kawo ciniki sai da masu saye.

Roƙonmu shi ne a tsayar mana da kasuwa guda a mararrabar da hanyoyin tungayen uku sunka haɗu, da rana guda a mako, a gyara hanyar yadda mota za ta shigo. In munka taru wuri ɗaya, mai inji da mai kemis za su dawo da kansu, ba sai an kira su ba. Waɗanda ba a tasa ba tukuna kuma, don Allah a zaunar da su gari guda.

Ƙanena na Mafara ya sama mini wuri a mahauta. Na ce masa ya ba ni zuwa kaka. In na tafi, ko ragon suna ba mai feɗewa a tungarmu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka, ya sa ka gama da mutunci.

Wassalam.

Garba Mahauci,
Sabuwar Tunga, ƙasar Maradun.