Farar Ya Falmata da Latas Ɗina

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki da kyau. Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Ina fatan ciwon ƙafar ya sake ki. Mu a nan Bulumkutu, Maiduguri, lafiya lau, sai takaici.

Irin latas ɗin da kika aiko ya fito gwanin sha'awa a bayan ɗaki, sai fara ta far masa. Na barbaɗa toka, ko a jikinta. Sai na daka ganyen dogon yaro na jiƙa, ina yayyafawa, har ta soma ja da baya.

Jiya maƙwabciyata Ya Falmata ta shigo fuska a murtuke. Wai a lambuna take kama farar da take soyawa, yanzu kuma ɗaci take yi, maigidanta ya ƙi ci. Ta ce, "Malama, ki ji tsoron Allah, ki daina zuba maganin nan."

Ashe duk ruwan da nake ja daga rijiya, kiwo nake yi mata.

Ki gai da Baba Yohanna da su Rifkatu. Ki roƙa mini haƙuri wurin Ubangiji, don da safen nan ta aiko mini da kwano guda, wai in ɗanɗana in ji da kaina.

Ƙanwarki,
Ladi