An Mai Da Ni Gawa

Yaya Hajjo,

Ina gaishe ki daga Yamai. Yaya Inna da mutanen Korgom?

Ni lafiya lau. A wasan nan namu na ban dariya, da ni ne mai haƙa kabari, ina waƙa ina tsokanar gawa. 'Yan kallo suka ce muryata ta dushe, aka ba wani Imrana wurina, ni aka mai da ni gawar. Kwanciya ce kawai, sai riƙe tari har a tashi.

Jiya na sha tafi. Wata ta rantse ba ta taɓa ganin wanda ya iya gawa kamar ni ba. Ko hoda ba a shafa mani ba.

Ki aiko mani da zuma. In bidiyon wasan ya iso wayarki, don Allah kada Inna ta gani.

Ƙanenki,
Na Allah