Ramin Motoci a Ogui

Yaya Delu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna?

Na samu aiki a Ogui, nan Inugu. Gari ya cika, shi ya sa muke haƙa wa motoci wurin ajiya a ƙarƙashin kasuwa. Ba wahala, har sanyi gare shi. Sai dai warin ƙasar irin na rijiyar da ta rufta da Baba ne. Jiya na tsinci kaina ina laluben igiya a ƙuguna, ina jira a kira ni daga sama, yadda muke kiransa. Nan ba mai kira.

Ki ce wa Inna gini nake yi. Ke kuma, in kin idar da sallah, ki ambaci sunana da ƙarfi.

Ƙaninki,
Na'Allah