Tayoyin Yaya Uwaisu

Yaya Uwaisu,

Na ga ka koma barci bayan asuba, ban so tashinka ba. Na wuce Watari ɗaukar tumatir.

Jiya da na je gareji karɓo a-kori-kurata, sai na tarar da ita tsaye a kan tayoyinka huɗu, har da sifirin ɗin baya da shokozoba. Mati bakanike ya ce daga motarka ka sa ya cire, ka ce masa, "Tawa tun da fetur ya tashi take ajiye, ta Khalilu ce ke ciyar da gidan."

Yaya, na san yadda kake burin ganin taka ta koma titi. Na rasa bakin godiya. Allah Ya mayar maka da wadda ta fi ta.

Na gwada ta da kaya a hanyar Bagwai. Ramukan nan da ke karya min baya, ko jin su ban yi ba.

Don Allah kar a ɗora Inna a babur zuwa asibiti yau. Ku jira ni bayan azahar. A gaban mota za ta zauna, kuma kai za ka tuƙa.

Ƙaninka,
Khalilu