Gurbin Yaya Maha

Ludlow, Ingila, 4 ga Mayu

Assalamu alaikum Yaya Maha. Ina fata kina lafiya, da Ummi da duk mutanen unguwarmu ta Waziriyya.

Aikin gidan kula da tsofaffin yana tafiya. Garin kuwa ɗan ƙarami ne, cikin rabin awa kin zagaye shi da ƙafa. Kasuwarsu tana ci a tsakiyar gari, gefen wata tsohuwar ganuwar sarakai da ta haura shekara ɗari tara. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta ce da cinikin ulun tumaki kakanninsu suka gina gidajen nan masu baƙin katako da farin bango. Akwai kogi a ƙasan tudu, can nake zama ranar hutu. Komai na gani, ke nake tunawa.

Ki gaida Ummi.
Ƙanwarki, Tahani

Jidda, 29 ga Mayu

Wa alaikumus salam ya habibti. Na karanta wa Ummi wasiƙarki har sau biyu, ta ce mutanen da suka yi arziki da tumaki ai danginmu ne.

Asibitin da muka yi aiki tare ya rufe, halas, shi ke nan. Yanzu ina wata masana'anta, tsaye nake yini ina cusa biskit a kwali. Ba komai. Ina dai mamakin Dakta Helen. Ni na yi mata aiki shekara bakwai, amma ta koma garinsu ba ko sallama. Alhamdulillah da ta ɗauke ki. Yalla, maza ƙaro mana labari.

Yayarki, Maha

Ludlow, 15 ga Yuni

Assalamu alaikum Yaya.

Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Dakta Helen ba ta manta da ke ba. Ranar da kika kai Ummi ganin likitan ido, Dakta ta same ni ta ce, "Gurbin aiki ɗaya ne a garinmu, Maha nake so. Ki gaya mata." Washegari na koma na ce mata, "Yaya ta ce ba za ta iya barin Ummi ba, kuma kada a sake yi mata maganar." Sai ta ce, "To ke fa?"

Ke kika ɗinka min rigar sanyin da na zo da ita. Ke kika riƙe min jaka a filin jirgi kina kuka. Jiya Dakta ta tsayar da ni a kasuwa tana tambayar lafiyarki, na kasa haɗa ido da ita.

Ki yafe min don Allah.
Tahani

Jidda, 8 ga Yuli

Wa alaikumus salam Tahani.

Na karanta. Da kin tambaye ni, wataƙila da bakina zan ce ki tafi. Yanzu ba zan taɓa sani ba.

Ban gaya wa Ummi ba. Ki zo da azumi ki faɗa min ina kallon fuskarki. Kafin nan, Ummi za ki riƙa rubuta wa. Zan karanta mata.

Maha