Hatimi Mai Giɓi

Kazo, 8 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Fumiye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya ke da maigidanki, kuma sanyin Nagaoka bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Wainar shinkafar da kika aiko ta iso, na gode. A tsaye na ci ta a bayan sito.

Kin ce me ya hana ni zuwa hutu. Wane hutu? Masu kamfani sun karya farashin faya-fayan katun a ƙarshen shekara, ƙasar nan kaf ta haukace. Oda dubu tara ke jibge a kanmu, direbobi babu, hanyar arewa kuma dusar ƙanƙara ta rufe. Tun safe waya ke kuka a ofis: ina kayana, ina kayana. Manya ne fa, masu furfura irina, suke kumfar baki a kan zane.

Aikina yana nan yadda kika sani. Ni ke duba kayan da za a naɗe na kyauta. In juya kwalin faifai ta kowace kusurwa, in naɗe, in buga hatimina a takardar da ke shiga ciki, shaidar babu aibu. In mai kaya ya ga aibu ya kawo ƙara, mai hatimin ne ke zama ya rubuta masa wasiƙar ban haƙuri da hannunsa. Sau biyu na yi bara. Shekara ashirin da biyu ina koyar da adabi, yau rubutun da duniya ke nema a wurina ke nan. Shugaban sashenmu Hoshino, wanda na isa in haifa, ya ce ƙara ta uku ita ce ta ƙarshe, ba za a sabunta mini aiki a watan Maris ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya ina tsara takardun oda sai na ga suna: Asako Terada, birnin Akita. A ƙasa an rubuta, “Kyautar cika shekara bakwai ce, a taimaka ta iso kafin 24 ga wata.” Abin da aka yi oda kuwa labarin yarinyar nan ne mai gadin fitilar bakin teku, an sake buga shi a faifai. Kin tuna kaset-kaset ɗin da na ɗaure na kai bola lokacin da ’yata Asako ke ƙaramar sakandare, na ce ba a ajiye shirme a gidana? Shi ne.

Na daɗe riƙe da takardar har Nagumo, tsohuwar da muke tebur ɗaya, ta ce, “Farfesa, hoton budurwa ne? Ka ajiye ka naɗe kaya, layi ya kai ƙofa.”

Fumiye, ita ce? Ke kika gaya mini sunan mijinta Terada ne, ba ki taɓa gaya mini garin ba. Shekara goma sha ɗaya ban ji muryarta ba. Ba ni da ikon kwafe adireshin mai kaya, laifi ne babba, kuma ko guntun takarda na saka a kwali sikeli zai tona. Ki dai gaya mini: wace ce mai shekara bakwai?

Ki kula da kanki a kan tsantsi.

Yayanki,
Norio Kuwabara

*

Nagaoka, 11 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai ƙanƙara ta kai rabin taga, maigida ya wuni a kan rufi da shebur yana zagin sama.

Ita ce. Na yi kwana biyu ina juya amsar nan, don ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya maka komai ba. Amma tunda kai ka gani da idonka, ba ni na faɗa ba. Sunan yarinyar Koharu. Jikarka ce. Goshinka ne da ita sak, da irin kallon nan naka na wanda aka kawo wa miya ba gishiri.

Kada ka fara mini faɗa a takarda, na san ka. Kai ne ka ƙi zuwa ɗaurin aurenta, ka ce mai zana katun ba miji ba ne. Na zauna a kujerar da aka ajiye maka ina murmushi kamar wawiya. Yanzu kai ke naɗe zanen irinsu a takarda mai fure. Ban faɗa don in yi maka dariya ba. To, na ɗan yi.

Yaya, don girman iyayenmu kada ka yi abin da zai raba ka da aikin nan. Shekararka sittin da huɗu, wa zai ɗauke ka? Kada ka kwafi komai, kada ka saka komai.

Sai dai ina da tambaya. Har yanzu hatimin Baba kake bugawa? Wanda Asako ta yar a ƙasa tana shekara biyar, gefensa ya ɓantare? Ranar kaɗai ce na ga ta yi ɓarna ba ka yi faɗa ba. Ka ɗora ta a cinya ka ce ta kyauta, yanzu babu mai iya kwaikwayonsa. Ta sha ba ni labarin nan. In shi ne, ai ba ka buƙatar saka komai a kwalin. Ka dai tabbatar kai ka naɗe.

Ka riƙa sa safa biyu.

Ƙanwarka,
Fumiye

*

Kazo, 16 ga Janairu

Fumiye,

Gaisuwa. Takardarki ta yi kwana huɗu a hanya. Ban yi faɗa ba. Na karanta sunan sau da yawa, shi ke nan.

Hatimin shi ne. Na duba giɓin a hasken taga kamar ban taɓa ganinsa ba.

Amma an samu matsala. Faifan ya ƙare. An sayar da fiye da abin da ke sito, abin da suke yi ke nan kowace shekara, su karɓi oda tukuna su ƙirga kaya daga baya. Masana’anta ta ce sai tsakiyar Fabrairu. Ranar Litinin ofis zai aika wa duk masu jira saƙo: ko su yi haƙuri, ko su soke. Wa zai jira Fabrairu da kyautar Janairu? Za ta soke, takardar ta shiga injin yanka, ni kuma in koma inda nake.

Guda ɗaya ya rage a ginin nan, yana kantar kayan da aka ƙi. Kin san wa ya ƙi shi? Ni. Ranar biyar ga wata na ga kusurwar kwalin ta lotsa, bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, na manna masa jar takarda ina jin daɗin kaina. Faya-fayan ciki lafiyarsu ƙalau. Amma masu sayen nan ba faifai suke saye ba, kwali suke saye. Akwai wanda ya dawo mana da kaya daga Kyushu saboda ledar ta ɗan yamutse.

Na je wurin Hoshino na ce a tambayi mai odar ko za ta karɓa haka. Bai ɗago daga allonsa ba. Ya ce, “Baba Kuwabara, mutum ɗari da goma ke jiran wannan faifan. In na tambayi ɗaya sai na tambayi duka. Wace ce ita?” Na ce ba kowa. Ya ce, “To ba kowa ta jira.”

Mai dubawa na da ikon cire jar takardar da ya manna, in ya sake dubawa ya ga ya yi kuskure. Sai dai daga nan aibun ya zama nasa. Kwana biyu ke nan ina wucewa ta gaban kantar nan kamar ɓarawo. Yau Nagumo ta ce, “Farfesa, ko dai ka ɗauka ko ka daina zagaye, kana sa ni jiri.” Ban gaya mata komai ba, amma matar nan ido gare ta.

Abin da ke hana ni sukuni ba aikin ba ne kaɗai. Shekara goma sha ɗaya, abu na farko da zai fito daga hannuna zuwa nata ya zama mai aibu, da sunana a kai ina rantsuwar ba shi da shi.

Yayanki,
Norio

*

Kazo, 19 ga Janairu

Fumiye,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba, na san abin da za ki ce.

Na cire jar takardar yau da safe, kafin saƙon ofis ya fita. Na naɗe shi da takarda shuɗiya, na ninke bakin sau uku kamar yadda nake yi wa littattafanta na makaranta. Na ɗauko hatimi, na tsaya da shi a saman takardar. Nagumo ta danne mini takardar da tafinta, tana kallon wani wuri. Ta ce, “Buga, tsoho, ba takardar aure ba ce.” Na buga. Giɓin ya fito tas. Ta kalli kwalin, ta kalli kusurwar da ta riga ta sani, ta ce, “Ni ban ga komai ba, tabarauna na gida.” Yana kan hancinta.

Ya wuce sikeli, ya shiga motar ƙarfe biyu. Yanzu kuma an ce babbar hanyar arewa a rufe take, motoci sun yi layi a bakin dutse. Kwana biyar ya rage. A ofis akwai allon da ke nuna inda kowane kaya yake, ba a yarda mu taɓa ba. Na ƙirƙiri dalili sau uku na shiga neman almakashi.

Me zai faru in ta yaga takardar ciki ba ta duba ba? Wa ke duba hatimi? Ni kaina ban taɓa duba na kowa ba. In kuma ta duba ta gane, ta ce har wurin aikina mutumin nan ya bi ni? Fumiye, in ta kira ki, ki rubuto mini kalma da kalma, kada ki sa mata sukari.

Yayanki,
Norio

*

Nagaoka, 25 ga Janairu

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kana cin abinci.

Kwalin ya isa ranar 24 da la’asar, baƙi sun fara tafiya. Na kira don in yi wa Koharu murna, ina jin waƙar fim ɗin a bayanta tana bi da ƙarfi. Ita ba ruwanta da kwali, ta riga ta zauna a kansa.

Ka ce kada in sa sukari. Asako ta karɓi wayar. Sannan ta ce, “Gwaggo, na ga hatimin. Tun yaushe yake aiki a can?” Na ce shekara shida. Ta ce, “Shi? A cikin katun?” Na ce shi. Ban gane dariya ta yi ko wani abu ba. Sai ta ce, “Kusurwar kwalin a lotse take. Mutumin da ke mayar mini da jarrabawa saboda ɗigo ɗaya, bai gani ba?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ya gani.”

Daga nan ta yi tambaya ɗaya: in mutum ya kai ƙara, me ake yi wa mai hatimin? Yaya, ka yafe mini, bakina ya riga hankalina. Na gaya mata duk abin da ka rubuto, har da wasiƙar ban haƙuri, har da zancen ta uku. Ta ce ta gode, ta ajiye waya. Na sake kira sau biyu ba ta ɗauka ba.

Ban san abin da ke ranta ba. Jininka ce, ba a karanta fuskarku. In abin ya ɓaci, ɗakin sama yana nan, maigida ma ya ce yana neman mai riƙe masa tsani.

Ƙanwarka,
Fumiye

*

Akita, 26 ga Janairu

Zuwa ga Shugaban Sashen Aika Kaya,

Bayan gaisuwa, da yaba ƙoƙarinku a wannan sanyi.

Kayan da na yi oda sun iso a ranar da na roƙa, alhali na ji wasu na jira har Fabrairu. Na gode. Sai dai kusurwar kwalin a lotse take.

Ba na son canji, ba na son a mayar mini da komai. Ina kuma roƙo kada a rubuta wannan a kan kowa, don in aka yi haka zan ce ni na yar da kwalin. Na saba yar da abubuwa tun ina ƙarama.

Abu ɗaya nake nema. An ce al’adarku ce wanda ya buga hatimi ya rubuto ban haƙuri da hannunsa. Ina son wannan wasiƙar, zuwa adireshin da ke sama, na ba ku izinin ba shi. Ku gaya masa kada ya yi amfani da kalmomin kamfani, kuma kada ya gajarta. Ku ba shi takarda da yawa.

Ya rubuta shafi na ƙarshe da manyan baƙaƙe. Akwai mai shekara bakwai a nan da ke son ta karanta da kanta.

Ku huta lafiya.

Asako Terada
(’yar gidan Kuwabara)